Bangon Ɗakina a Cikin Kwamfutarki

Gwandu.

Zuwa ga Ta Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya. Ki gaishe min da Goggonki da mutanen gidanta na Kalgo, manya da yara. Saratu mai ɗinki, maƙwabciyarmu, za ta bikin suna a Diggi, shi ya sa na ba ta takardar, na ce ta ratse Kalgo ta sa miki ita a hannu kafin motarku ta Abuja ta tashi. Ba labarin gari zan ba ki ba, Gwandu tana nan yadda kika bar ta. Magana ce da bakina ya kasa, na ce bari in gwada ko hannuna zai iya.

Kin bar gidan nan da ɓacin rai. Ba ki faɗa ba, amma ni na haife ki, na ga yadda kika naɗe wayar cajin kwamfutarki kamar ita ta yi miki laifi. Ranar da kika zo sallama, mata sun cika tsakar gida da hantsi, kika buɗe kwamfuta a kan tabarma don ki nuna musu aikin da ya sa aka kira ki Abuja, wato zane-zanenki da za a baje kolinsu a intanet. Na farko da ya fito bangon ɗakina ne, yadda yake sa'ad da kike ƙarama: tasoshi a sama, kwalla a ƙasa, fayafayai a tsakani, har da fantekar nan mai ɓantararren baki da nake juya ta bango don kada a gani. Ke kin juyo da ita waje. Mata suka ɗauki salati, Saratu har da guɗa. Kika ɗago kai kika ce, "Inna, kin gani?"

Na ce, "To." Na tashi na tafi duba tukunya, alhali babu abin da ya sami tukunyar.

Da mutane suka watse kika biyo ni madafa kika ce, "Inna, in na sa miki shi ga waya, ki tura ma ƙawayenki mana su gani. Haka aka yi, kowa shi tura ma nashi, har shi kai nesa." Ni kuma na ce, "Ni ba ni irin wanga abu. Ki ba Goggo taki." Washegari kika koma Kalgo. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ki tafi garin da ba ki da kowa da tunanin uwarki ba ta ɗauki aikinki a bakin komai ba. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da abin da na fi iya faɗa.

Ban san kwamfuta ba, ban san yadda kike zane da wannan alƙalamin da ba ya da tawada ba. Abin da na sani jere ne. Tun kafin a haife ki nake yi wa amare jeren ɗaki a Gwandu da ƙauyukanta, har rugagen Fulani an kai ni. Da na zauna na yi tunani sai na ga aikina shi ne in shirya kaya a bango, a buɗe ƙofa, mutane su shigo su kalla su tafi da labari. Naki ma haka ne, sai dai naki ɗakin ba ya da rufi. To ga inda na yi tuntuɓe.

Jeren farko da na yi ni kaɗai, ba tare da Iya Tumba da ta koya min ba, na gidan wani mai shanu ne da ya yi wa ɗiyarsa kaya na a zo a gani. Zumuɗi ya ɗebe ni. Duk abin da aka sauke daga amalanke sai da na samo masa wuri, na liƙe bango huɗu da danƙo tun daga ƙasa har azara, ko wurin da ƙadangare zai ɗora ƙafa ban bari ba. Ina tsaye ina jiran yabo sai ga Iya Tumba da sandarta. Ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke, wanga ɗaki na ko kasuwa? Ina ido za shi zamna?" Ta sa na sauke rabi na mayar cikin buhu, ina saukewa ina ƙunƙuni. Ta ce in zaɓi abin da ya fi kyau in sa a bangon da ke kallon ƙofa, in bar masa fili hagu da dama. Da muka gama, ɗakin ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Na lura ke ma kina da wannan zumuɗin. Duk abin da hannunki ya taɓa sai kin ɗora a shafinki, wanda kika gama da wanda ba ki gama ba, yau kifi, gobe fuska, jibi kifin dai da wani launi. Mai kallo ruwan ido yake yi ya wuce. Ki riƙa zaɓe. Ban san ko intanet na da ƙofa ba, amma dole akwai inda idon baƙo ke fara sauka, to nan za ki sa wanda ya fi. Sauran ki bar su a buhu, ba ruɓewa za su yi ba.

Na biyun ya fi wannan ciwo. Kin san al'adar aro. In kayan amarya ba su da yawa, dangi da maƙwabta kan ba da aron kwanuka a cika ɗaki, in 'yan ganin ɗaki sun gama zuwa kowa ya karɓi nasa. Kowa ya sani, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. Akwai wata marainiya, Hansatu, da kayanta duka ba su cika kwando biyu ba. Tausayi ya kama ni, da kuma son a ce jeren wance ne, kada in ɓoye miki. Na bi gida-gida na aro mata kaya irin na 'ya'yan masu hali, na yi mata jeren da aka yi ta zancensa a bakin rijiya. Bayan biki ya lafa na leƙa in gaishe ta. Na iske ta zaune a bakin gado, bango ba komai sai tabon danƙo baƙi-baƙi, layi bayan layi, duk wanda ya shigo yana iya ƙirga abin da ba nata ba. Dangin miji sun sami abin dariya. Ta ce min, "Da kin jera min nawa kawai, Inna, da sun ishe ni." Ba ta ce da faɗa ba. Da ma faɗan ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Saratu ta gaya min a intanet ma ana aro. Ta ce akwai masu sayen mabiya don a ga shafinsu ya cika, akwai kuma na'urar da za ka gaya wa abin da kake so ta zana maka da kanta. Ban ce kada ki taɓa na'ura ba, ni ma da na sami abin da zai hau tsani a madadina da ban ƙi ba. Amma in ita ta yi, ki ce ita ta yi. Kada ki cika bangonki da mutanen da ba su san ki ba. Sannan zanen ƙoren nan da kika ɗauko hotonsu a rugar su Inna Wuro kika saka cikin aikinki, na gan su, sun yi kyau. Ki rubuta daga inda suka fito, in kin zo hutu ki je ki nuna musu. Matan nan sun ba ki nono sun ba ki tabarma, kada su ji a bakin wani cewa zanen kakanninsu ya je Abuja ba su sani ba.

Na san yanzu kina tambayar kanki yaya aka yi na san abin da ke shafinki. To, ina kallo. Tun kina jami'a a Kalgo da kika fara ɗorawa, Saratu ta buɗe min shafin a wayar da ƙaninki ya aiko min, ta nuna min inda zan danna. In na idar da sallar la'asar, gida ya yi tsit, sai in sa tabarau in zauna a ƙofar ɗaki in yi ta ja da yatsa. Babu wanda ban gani ba. Har maganganun da ake rubuta miki a ƙasa nakan bi, na Hausa in karanta, na Turanci in ƙirga alamun zuciya in ce to, wannan ba zagi ba ne. Ban taɓa danna komai ba, don Saratu ta ce in na danna za ki ga ni ce.

Da haka na ga abin da kika yi wa zanen masuncin nan. Wani tsoho a cikin kwalekwale, ya ba da baya, ruwa ya yi ja da yamma, ba kifi ba komai. Na daɗe a kansa fiye da kowanne, don ya tuna min da Babanku, Allah ya jiƙansa, yadda yake zama a bakin gona in ya gaji. Mutane ba su kula shi sosai ba, wani ma ya rubuta wai ba shi da armashi. Da na koma washegari babu shi, kin cire. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ni da bakin tambaya.

Ni ma na yi irin wannan. Wata mata, ko sunanta ban riƙe ba, ta taɓa shiga ɗakin da na jera ta taɓe baki ta ce jeren ƙauye ne. Mata fiye da a ƙirga sun yaba, amma tata kaɗai na ɗauko na kawo gida. Daga ranar na daina sa fayafayai da ƙore a jerena, abin da ya bambanta ni da kowa, na koma kwaikwayon na birni, wanda kuma ban iya ba. Sai daga baya na gane su 'yan ganin ɗaki haka suke. Su shigo da hayaniya, su yaba ko su kushe, su ci abin da aka ajiye musu, su nufi gida na gaba. Kafin su kai ƙofar zaure sun manta launin kwallar. Babu ɗayansu da ke dawowa ranar da za a sauke kaya a wanke. Ki mayar da masuncin nan wurinsa. Kuma a Abuja ki nemi mutum ɗaya ko biyu na zahiri, waɗanda za ku ci tuwo a kwano ɗaya, waɗanda in kin kwanta ciwo za su ƙwanƙwasa miki ƙofa. Na san halinki, kina iya wuni ke da kwamfuta ba ki ce wa kowa uffan ba, ki ɗauka kina cikin mutane don waya na ƙara.

Amma kada ki ji na ce haka ki ɗauka ina nufin ki ɓuya. A'a, ɓuya ita ta kashe min sana'a. Ni ban taɓa cewa ga aikina ba. In an tambaya a gidan biki wa ya yi jeren nan, sai in sunkuyar da kai in bar wata ta amsa, wani lokacin ma ta amsa da sunan wata. Ina ganin faɗa rashin kunya ne, wanda ya san ni zai aiko. Shekaru suna ta tafiya, aka daina danƙo aka koma kabad mai gilashi, na koyi wannan ma. Sai ga 'yan mata masu waya, su jera ɗaki ɗaya su ɗauki hoto, kafin magariba duk garin ya gani har da lambarsu a jiki. Ban ga laifinsu ba, wasunsu ma sun iya. Ni dai ina gida ina jiran a aiko. Kaka ta zo, bukukuwa suka kankama, ina jin guɗa daga unguwa zuwa unguwa, na yi wanka na ɗaura zane mai kyau na zauna ko za a yi sallama. Ba a yi ba, kuma ba wanda ya yi min haka da mugunta, mantawa kawai aka yi.

Don haka ki rubuta sunanki a jikin kowane zane, inda ba za a iya yanke shi ba. In an tambaye ki, ki amsa da bakinki. In kin ji ana neman masu zane a wani wuri, ki aika da naki, kada ki jira a zo neman ki. In an ƙi, ki sake aikawa wani wurin. Wanda ya rubuto miki da mutunci ki amsa masa da mutunci, wanda ya zo da shashanci ki rufe masa ƙofa, na ji an ce akwai madannin yin haka. Kin gaji hannuna, na gode wa Allah. Kada ki gaji bakina.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye.

Ke ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, kin sani, ko a takardar nan ban iya ba. Ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba, ban taɓa yaba ki ba. Da aka yaye ki aka kai ki Kalgo wurin Goggo, ƙanwar Babanku, har kowa ya koma kiran ki Ta Goggo, ni ma na bi su na sami abin fakewa. Nakan je Kalgo da sunan gaishe ta. Wata rana na iske ki kin cika bangon zaurenta da gawayi, shanu da kaji da wata mata mai ƙaton ɗankwali. Goggo tana dariya tana cewa, "Diba min ɗiyar ga, wallahi hannunki ta ɗauko!" Ni kuwa na kau da kai na ce a ba ni ruwa in sha. A mota da zan dawo Gwandu na yi ta murmushi ni kaɗai har wata ta tambaye ni ko lafiya. Ana yabona a kan wannan, ana cewa wance akwai kunya, ko kallon ɗiyarta ba ta yi. Ina jin daɗin yabon kuwa.

Ban ce al'adar banza ce ba. Haka Innata ta yi wa yayana, kuma bai taɓa shakkar tana son sa ba. Amma shi a cikin gida cike ya tashi. In uwa ta yi shiru akwai kaka, akwai goggo, akwai matan baffanni da za su ja yaro gefe su ce, ka ga naman nan, uwarka ce ta ɓoye maka. Shirun uwa yana da masu fassara shi. Abin da ban lura ba shi ne nawa masu fassarar sun ƙare. Kakarki ta rasu, Babanku ya rasu, shi da yake dawowa daga Kalgo ya zauna yana ba bango labarinki don in ji. Ƙannenki kowa ya kama gabansa. Gidan nan yanzu ni ce da kaji, in na yi tari ni nake ce wa kaina sannu. Ga shi za ki inda ko Goggo babu, ba wanda zai ja ki gefe ya ce miki komai. In na ci gaba da shiru, shirun kawai za ki tafi da shi.

To ki ji. Na ga bangon. Na gan shi tun kafin ki buɗe kwamfutar, na gan shi ranar da kika fara ɗora rabinsa, na yi kuka a ƙofar ɗaki har na kasa ganin wayar. Kayan nan duk sun watse, wasu na ba ƙannenki, wasu sun yi tsatsa, ɗakin ma an yi masa siminti. Ban san akwai wanda ya riƙe shi a ka ba, balle ke da ba ki kwana cikinsa ba sai da hutu. Duk ɗakunan da na jera a rayuwata babu wanda ya rage, sai wannan da kika zana. Tukunya kuwa na je dubawa ne don kada mata su ga fuskata.

Bayan tafiyarki na kira Saratu na ce ta nuna min yadda ake turawa. Ta ce akwai abin da ya fi turawa, wai shi sitatus, in ka ɗora hoto duk mai lambarka zai gani, kai ma kana ganin sunayen waɗanda suka buɗe. Ta ɗora min bangon, ta miƙo min wayar ta ce in rubuta wani abu a ƙasa. Na daɗe riƙe da ita. Sannan na rubuta: Aikin ɗiyata ne ta fari. Saratu ta dube ni ta ce, "Inna, in danna?" Na ce danna kafin in sake shawara.

Ba a jima ba Yaya Hajo ta bugo daga Birnin Kebbi. Ko gaisuwa babu ta ce, "Ke, wayarki ta ɓace ne, ko kunyar taki ce ta ɓace? Mi kika son mutane su ce?" Na ce su ce abin da suka ga dama, na tsufa. Sai ta ce zanen dai ya yi kyau, fantekar nan ma ai tata ce na ara ban mayar ba. Mutane da yawa sun buɗe, har waɗanda na ɗauka sun manta da ni. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, na sake bi. Naki ba ya ciki. Ban ga laifinki ba, me zai kai ki duba wurin da ban taɓa sa komai ba? Goggo kuma ƙaramar waya gare ta, ba ta gani ba balle ta gaya miki.

Washegari na duba na ga hoton ya ɓace, hankalina ya tashi, na ɗauka na ɓata wani abu. Saratu ta ce haka yake, kwana ɗaya yake yi ya goge kansa. Na ce to ta koya min in riƙa yi da kaina. Na koya.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki da aikinki. Allah ya sa albarka a hannunki. Ki riƙe sallah, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki riƙa kiran Goggo don ta fi ni iya faɗin kewa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Ba sai kin bugo ba, ba sai kin rubuto komai ba, na san nauyin baki, a wurina kika samo shi. Ki buɗe kawai. Kullum da safe in na sha koko zan sake ɗora shi, in zauna a ƙofar ɗaki in bi sunayen, har ranar da zan ga naki.

Wassalam.

Innarki.